Dogon Dutsi da Tibiri: wa zai sayi rigakafin haɗari a wurin aiki?

Dokar ƙwadago ta shekara ta 2012 ta ɗora wa kowane mai gidan aiki nauyin kare lafiyar waɗanda ke yi masa aiki. Amma doka tana Yamai da Dosso, haɗari kuwa yana bakin rijiya da cikin garka da rumfar fetur. Tsakanin dokar da haɗarin akwai wata sana'a, ta mai ba da shawara kan lafiya da kariya a wurin aiki, wadda ɗan Arewa mai ilimi zai iya buɗe wa biro, in ya san inda masu biya suke da kuma inda tarko yake.

Duk wanda ya biyo hanyar ƙasa mai lamba 1 a watan disamba, ya sauka Dogon Dutsi da sassafe, ya gangara wajen Tapkin Saw, zai tarar masu noman rani sun riga rana fitowa. Cikin kunyoyin dankalin turawa da kabeji da salati ba a rasa saurayi goye da injin feshi, ƙafa ba takalmi, hannu ba safa, hanci a buɗe. Maganin da ke bayansa daga kasuwa ya fito, cikin kwalbar da ta ƙetaro iyakar Nijeriya, bayanin da ke jikinta kuma da Ingilishi yake, harshen da shi da mai garkar ba su karanta ba. In ya gama, zai wanke hannu a bakin rijiya, ya ci abin kari. In kansa ya sara da rana, ko ya ji jiri, sai a ba shi nono, a ce zafin rana ne.

Wannan saurayi ma'aikaci ne, ko da ba shi da takardar albashi. Haka mai haƙar rijiya a kan tudun Dogon Kirya, da yaron injin niƙa a Matankari, da mai walda a bakin tashar Kore Mai Ruwa, da ɗan ruwa-ruwa mai jera kwalaben fetur a gefen kwalta. Ƙidayar jama'a ta shekara ta 2012 ta samu mutum sama da 370.000 a gundumar Dogon Dutsi, da kimanin 270.000 a gundumar Tibiri, wato Tibirin Arewa da aka ɗaga ta zama gunduma a shekara ta 2011. Mafi yawan masu ƙarfi cikin wannan jama'a da jikinsu suke neman abinci, kuma ranar da jikin ya samu naƙasa, gida ɗaya ne ya shiga wahala.

Abin da doka ta ce

Ƙungiyar ƙwadago ta duniya, OIT, ta bayyana a shekara ta 2023 cewa kusan mutum miliyan 3 ke rasa rayukansu kowace shekara saboda haɗarin aiki ko cutar da aiki ya jawo, wasu kimanin miliyan 395 kuma suna jin rauni. A shekara ta 2022 ƙungiyar ta saka aiki cikin lafiya da kariya a jerin haƙƙoƙin asali na ɗan ƙwadago. Nijar ba ta tsaya baya ba a kan takarda: a shekara ta 2009 ta amince da yarjejeniyoyin OIT masu lamba 155 da 161 da 187, waɗanda duka suka shafi wannan batu.

A cikin gida, doka mai lamba 2012-45 ta ran 25 ga watan satumba 2012 ita ce kundin ƙwadago, kuma dokar zartarwa ta ran 10 ga watan agusta 2017 ta fayyace yadda za a yi aiki da ita. Abin da suka ƙunsa a fili yake. Mai gidan aiki shi ke da alhakin ɗaukar matakan da za su kare rai da lafiyar ma'aikaci, shi ke koya masa haɗarin da ke cikin aikinsa, shi ke ba shi kayan kariya. Masana'antar da ke da ma'aikata 50 ko fiye dole ta kafa kwamitin lafiya da kariya. In haɗari ya auku, sai a sanar da hukuma cikin awa 48.

Sai kuma Kes, wato asusun CNSS da aka kafa a shekara ta 1965. Kason da mai gidan aiki ke zubawa domin haɗarin aiki shi ne kashi 1,75 cikin ɗari na albashi. A kan albashi mafi ƙanƙanta, wanda ya koma jika 42 a shekara ta 2024, wannan kaso ya kama tamma 735 a wata. Gaskiya ne ba shi kaɗai ake biya ba: in an haɗa da kason iyali da na fansho, nauyin mai gida ya kai kashi 16,4, na ma'aikaci kuma 5,25. To amma ma'aikacin da aka rubuta a Kes, in ya karye a wurin aiki, asusun ne ke ɗaukar maganinsa, ya biya shi kwanakin jinya, ya yanka masa kuɗin naƙasa, in ya rasu kuma ya ba matarsa da marayunsa. Wanda ba a rubuta ba, sai abin da zuciyar mai gida ta ba shi, ko abin da aka sasanta gaban dattawa.

Matsalar ita ce sufeton ƙwadago yana Dosso, tafiyar kusan kilomita 140 daga Dogon Dutsi, kuma jihar da ke hannunsa ta kama daga Gaya har Sukukutan. Aikinsa bincike ne da hukunci. Ba zai zauna kwana uku a garejin wani yana nuna masa inda zai ajiye iskar walda ba. Wannan zama shi ne aikin mai ba da shawara.

Me ake sayarwa?

Mai wannan sana'a ido yake sayarwa da tsari. Yakan zagaya wurin aiki, ya rubuta duk abin da zai iya kashe mutum ko naƙasa shi, ya jera su daga mafi muni, ya faɗi abin da za a yi da abin da zai ci, ya horar da ma'aikata, sa'an nan ya dawo bayan wata biyu ko uku ya ga ko an yi. Masanan fannin suna da ƙa'idar da ba su saɓawa: a fara da kawar da haɗarin gaba ɗaya, in ba ya kawuwa a musanya shi da abin da bai kai shi muni ba, in bai yiwu ba a yi masa shinge, sa'an nan a gyara tsarin aiki. Hular ƙarfe da safar hannu su ne na ƙarshe, ko da yake su ne ido ya fi gani.

Misalin musanya yana cikin rumbun wake. Shekara da shekaru ƴan kasuwa na zuba piya-piya ko ƙwayar hayaƙi cikin buhu domin maganin ƙwaro. Ƙwayar nan, da ta ji laima, sai ta saki iska mai guba wadda ke iya kashe wanda ya kwana ɗaki ɗaya da buhunan. Tun shekara ta 2007 aka fara yaɗa buhu mai ninki uku, wanda ake kira PICS, aikin jami'ar Purdue ta Amurka tare da cibiyar binciken noma ta INRAN. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu da kansa, ba a sa ko ɗigon magani ba. Mai shawarar da ya shawo kan babban ɗan kasuwar wake ya koma wannan buhu ya kare masu dako, ya kare masu ci, ya kuma kare sunan hajar.

A garka, aikin ya fi yawa. Kwamitin CSP na ƙasashen CILSS shi ke tantance magungunan feshi da aka yarda a sayar a Sahel, kuma ƙungiyar RECA ta manoma ta sha nuna cewa da yawa daga waɗanda ke kasuwannin ƙasar nan ba su cikin jerin. Manomi yana bukatar wanda zai gaya masa da Hausa ma'anar launin da ke gindin kwalba, cewa ja ya fi rawaya haɗari, rawaya ya fi shuɗi; cewa ba a feshi da tsakar rana ko a fuskanci iska; cewa kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a tsinki ganye a kai kasuwa; cewa galan ɗin magani ba ya komawa na ruwan sha ko an wanke shi sau goma. In mai feshi ya fara zubar da miyau da gumi, idonsa ya tsuke, numfashi ya yi nauyi, nono ba ya karya wannan guba. A tuɓe masa tufafin, a wanke jikinsa da sabulu, a kai shi likita tare da kwalbar.

Rijiya kuwa ita ce mai ɗaukar rai biyu ko uku a rana ɗaya. A cikin fadamar Dallol Mawri ruwa yana kusa, amma yashi ne, bango yakan rufta. A kan tudu sai an yi gaba masu yawa kafin a taɓa ruwa, kuma can ƙasa iskar numfashi takan ragu. Dabarar iyaye ta zura fitila, a ga ko za ta mutu, tana da amfani, sai dai ba ta gano hayaƙin motopompi. In aka tayar da inji a cikin rijiya ko a bakinta, hayaƙinsa marar wari yakan taru a ƙasa, wanda ya shiga ya sume ba tare da ya yi kuka ba. Ɗan'uwansa ya bi shi domin ceto, shi ma ya faɗi. Dokar wurin guda uku ce: inji nesa da baki, igiya ɗaure a jikin mai shiga da mutum biyu riƙe da ita, kuma kada kowa ya bi wanda ya sume sai da igiya da iska.

Ga fetur da gobara, ƙasar nan ta riga ta biya kuɗin karatu da tsada. A watan mayu 2019 tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka taru ɗiba, ta kama wuta, mutum fiye da 70 suka rasu. A watan afrilu 2021 yara 20 suka ƙone cikin azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a watan nuwamba na shekarar kuma wasu fiye da 20 a Maraɗi. A wannan watan ne ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa, aka fiddo gawa 18. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske garwashin mai shayi. Ruwa ba ya kashe wutarsa, yaɗa ta yake yi. Sai yashi ko tukunyar kashe wuta mai gari. Tanon da aka juye fetur daga cikinsa ya fi cikakke saurin fashewa in mai walda ya sa masa wuta.

Masu biya iri uku

Duk wannan ilimi bai zama sana'a ba sai an samu mai biya, kuma nan ne lissafin mutane da yawa ke rushewa.

Na farko su ne ƴan kwangila. Tun watan oktoba 2018 Bankin Duniya ya ɗaura sababbin sharuɗɗa ga ayyukan da yake ba kuɗi, cikinsu har da kariyar ma'aikata, kuma sauran masu ba da lamuni suna da irinsu. Ɗan kwangilar da ke neman ginin aji ko gidan likita ko hanyar karkara a ƙarƙashin irin wannan porje, sai ya haɗa da tsarin kariya a rubuce, sau da yawa har da sunan wanda zai kula da shi a wurin gini. Bututun man da aka fara shimfiɗawa a watan satumba 2019, mai tsawon kusan kilomita 2.000 daga Agadem zuwa Seme a ƙasar Benin, ya ratsa jihar Dosso kafin ya ƙetare kogi wajen Gaya, aka yi lodin jirgin farko a watan mayu 2024. Irin wannan aiki ya nuna wa ƙananan ƴan kwangila cewa babban kamfani ba ya barin mutum ya shiga fili ba hula ba takalmi. Waɗannan su ne masu biya da kyau, amma aikinsu na lokaci ne, kuma kuɗin porje yakan tsaya in siyasa ta juya, kamar yadda aka gani bayan watan yuli 2023.

Na biyu su ne ƙungiyoyin manoma da na masu sana'ar hannu, da ma'aikatun magajin gari guda goma na gundumomin biyu, daga Dankasari da Kiyeshe har Gesheme da Dumega. Manomi ɗaya ba zai biya kuɗin horo ba, amma ƙungiya mai mutum ɗari tana iya nemo shi daga abokan hulɗarta, ko daga asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a. Kuɗin kaɗan ne, biyan yakan yi jinkiri, sai dai a nan ne ake yin suna.

Na uku su ne ƴan kasuwa da kansu: mai gidan mai, mai sito, mai injin niƙa, mai gidan burodi, mai motocin dako. Su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi wuyar shawowa. Alhajin da ya shekara talatin yana aiki ba gobara zai ce Allah ne ke tsarewa, kuma gaskiya ya faɗa. Wanda ya je masa da lambar doka da Faransanci ya tashi a banza. Wanda ya zauna da shi, ya tuna masa abin da malamai ke faɗa cewa ɗaukar mataki ba ya ɓata tawakkali, sa'an nan ya ɗora kuɗin tukunyar kashe wuta biyu kusa da kuɗin hajar da ke cikin siton, ya nuna masa bel ɗin injin da ba shi da murfi da mayafin matan da ke sunkuyawa kusa da shi, wannan yana iya fita da aiki. Ɗan kasuwa ba ya ƙin lissafi.

Kafin a rataya allo

Takardun buɗe biro ba su ne masu wuya ba. Gidan ƴan kasuwa da ake kira Maison de l'Entreprise, ƙarƙashin majalisar ƴan kasuwa ta ƙasa, shi ke haɗa rijistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF da rijistar Kes a wuri ɗaya. Dokokin OHADA sun ba mutum zaɓi: ya tsaya da sunansa shi kaɗai, ko ya kafa kamfani irin SARL wanda ke raba dukiyar gida da ta aiki. Mai neman kwangilar gwamnati sai ya kasance ba bashin haraji ko na Kes a kansa. Wanda kuma ke son taɓa binciken tasirin ayyuka ga muhalli, wannan fage ne dabam mai dokarsa ta shekara ta 2018 da hukumarsa ta BNEE, ba a shiga sai da izini.

Ga ma'aikatan gwamnati akwai gargaɗi. Dokar kasuwanci ta OHADA ta ce aikin gwamnati ba ya haɗuwa da kasuwanci. Jami'in tsabta ko na aikin gona da ke kan kujera, ya buɗe biro da sunan ƙanensa, ya riƙa tura masa mutanen da shi ke bincika da rana, ya jefa kansa cikin abin da zai ci aikinsa da mutuncinsa. Ga wanda ya yi ritaya kuwa, ko ya ajiye aiki bisa ƙa'ida, shekarun da ya yi a fili jari ne da ba a saye a kasuwa.

Ilimin shi ne mai wuya. Makarantar EMIG ta Yamai tana fitar da masanan ma'adinai da masana'antu, makarantar kiwon lafiya ta ENSP tana fitar da jami'an tsabta, ƙungiyar Croix-Rouge tana koyar da agajin gaggawa, sojan kashe gobara sun san wuta. Manyan kamfanoni kuma suna aiki da ma'aunin ISO 45001 da ya fito a shekara ta 2018, wanda mai neman aikinsu ya kamata ya sani. Amma takardar shaida ba ta maye gurbin shekara biyu ko uku a wurin gini ƙarƙashin wanda ya iya. Kayan farawa ba su da yawa: babur mai lafiya, kwamfuta, na'urar auna iska, na'urar auna ƙara, da hotunan koyarwa, tun da yawancin masu sauraro ba su yi lakwal ba. Sai kuɗin cefanen wata shida a ajiye, domin biyan farko ba ya zuwa da wuri. A lissafa da tsaro kuma: a watan yuni 2024 an kashe soja 6 masu gadin bututun mai a yankin Tibiri, akwai kuma ƙauyukan da ba a zuwa sai an tambayi hukuma.

Tarko mafi girma shi ne sayar da sa hannu. Ɗan kwangila zai zo da gaggawa, yana son takardar da za ta cika kundinsa, ba ya son a je wurin aikin, kuma zai biya nan take. Wanda ya karɓa ya ci kasuwar yini ɗaya. Ranar da katakon gini ya karye da magini a kai, takardar da ke ɗauke da sunansa ita za a fara ɗauka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai kuma mai haɗa shawara da sayar da kaya, wanda kowace ziyara tasa ke ƙarewa da cewa a sayi huluna a wurinsa. Ba a daɗewa ƴan kasuwa su gane, su daina kiransa.

Ran 28 ga watan afrilu ita ce ranar duniya ta lafiya da kariya a wurin aiki, ran 30 kuma ranar rigakafin haɗarin aiki ta Afirka. A Yamai akan yi jawabai a manyan ɗakuna. A Arewa ranakun suna faɗowa cikin tsananin bazara, lokacin da rijiyoyi ke janyewa ake zura samari yasa, lokacin da zana ta bushe ƙarau, fetur kuma ke tururi cikin kwalba. Ma'aikatun magajin gari da shugabannin ƴan kasuwa na Dogon Dutsi da Tibiri suna iya fara abin da bai fi ƙarfinsu ba: su tara masu haƙar rijiya da masu injin niƙa da ƴan ruwa-ruwa na yini ɗaya kafin zafi ya shigo, su ɗauko wanda ya san aikin, su biya shi. Daga irin wannan taro ne biro na farko zai samu masu sayen hajarsa.